Zanzaron da Ke Cin Tsutsa da Ranta: Mugunta Ce Ko Kuwa?

Duk wanda ya taɓa yanka mangwaro ya tarar da tsutsa a ciki ya san irin ɓacin ran da ake ji. Daga waje ɗan itacen lafiya lau, sai wani ɗan ɗigo baƙi a fatarsa, amma ciki ya riga ya zama ruwa. A nan Walewale, da Yendi da Salaga har Bawku, wannan ba baƙon abu ba ne, musamman idan ruwan sama ya fara sauka mangwaron aure bai gama nuna ba. Matan da suke jera mangwaro a faranti a bakin hanyar Tamale zuwa Bolgatanga su ne suka fi sanin zafin abin, gama mai saye ba ya dawowa wurin wadda ta sayar masa da tsutsa, ko da ba da saninta ba ne.

Mai yin wannan ɓarna wani ƙuda ne dabam da ƙudan gida. Macen tana da tsini a gindinta kamar allura. Takan huda fatar mangwaro ta zuba ƙwai, cikin kwana ɗaya ko biyu su ƙyanƙyashe, tsutsotsin su yi ta cin naman har ɗan itacen ya faɗi. Sa'an nan su fita su shiga ƙasa, kowace ta yi wa kanta ƙwanso, bayan kamar kwana goma sabon ƙuda ya fito. Tun da can muna da irin namu na gida masu cin mangwaro da 'ya'yan kaɗanya, amma a shekarar 2003 aka ga wani baƙo daga Asiya a ƙasar Kenya, wanda masana ke kira Bactrocera dorsalis, kafin 2005 ta ƙare kuwa ya iso Gana. Ya fi namu haihuwa, ya fi su ɓarna. Ƙudajen 'ya'yan itace suna cikin ƙwarin da suka sa Tarayyar Turai ta hana shigar da barkono da gauta da wasu kayan lambu daga Gana tun daga 2015 har ƙarshen 2017.

To, wannan ƙuda yana da maƙiyi, a kan maƙiyin nan kuwa nake so mu yi tunani tare. Kowa ya san zanzaro, mai siririn ƙugu, wanda saboda shi ake ce wa mai cusa riga cikin wando ya yi zanzaro. Mun sha ganinsa yana gina ɗakinsa na laka a jikin bango, yana ɗauko tsutsa ko gizo-gizo yana cusawa ciki. Wanda ya fasa ɗakin zai ga abin da aka tara bai mutu ba, an dai shanye masa jiki ne, domin ɗan zanzaro ya sami nama ɗanye idan ya ƙyanƙyashe. Wannan zanzaro yana da dangi ƙanana iri dubbai, waɗansu ba su fi sauro girma ba, ba sa gina ɗaki, ba sa harbin mutum. Su jikin wani ƙwaro ne ɗakinsu. Uwar takan bi ɗan itacen da tsutsa take ciki, ta soka tsininta har ya taɓa tsutsar, ta sa mata ƙwai ɗaya a cikin jiki. Tsutsar ba ta mutuwa nan take. Tana ci gaba da ci, tana girma, ɗan zanzaro yana cikinta yana jira. Sai ta yi ƙwanso tukuna ya cinye ta sarai. Ranar da ƙwanson ya fashe, maimakon ƙuda sai zanzaro ya fito.

Labarin ya fi fitowa fili a wurin zaitun. Mu ba mu noma shi a nan, amma babu mai karanta Littafi Mai Tsarki da bai san shi ba, tun daga ganyen da kurciya ta kawo wa Nuhu har zuwa dutsen da Ubangijinmu ya yi addu'a a gindinsa. Shi ma zaitun yana da nasa ƙuda, ɗan'uwan na mangwaro, mai suna Bactrocera oleae, wanda tsutsarsa ba ta cin kome sai 'ya'yan zaitun. Ya daɗe yana wahalar da manoman Italiya da Girka da Sifen da Tunisiya, yana zubar da 'ya'ya, yana ɓata ɗanɗanon mai. Tun fiye da shekara ɗari Turawa suke zuwa Afirka neman maƙiyan ƙudaje irin waɗannan. Wani masani ɗan Italiya, Filippo Silvestri, ya zaga Afirka ta Yamma a 1912 da 1913 yana tattara ruɓaɓɓun 'ya'yan itace domin ya ga wane zanzaro zai fito daga cikinsu. A 1998 ƙudan zaitun ya ɓulla a Kalifoniya ta Amurka, inda ba shi da maƙiyi, ya watsu cikin 'yan shekaru. Sai masana suka sāke komowa Afirka, suka bi itatuwan zaitun na jeji a Kenya da Namibiya da Afirka ta Kudu, suka kwaso ƙananan zanzaro. Ɗaya daga cikinsu, Psyttalia lounsburyi, ya zauna da gindinsa a gonakin bakin teku na Kalifoniya. Suka kuma gano wani abu da ya kamata mu riƙe, za mu komo kansa a gaba: zaitun na jeji ƙarami ne, namansa ba kauri, tsinin zanzaro yana kaiwa ko'ina, zaitun na gona kuwa mutum ya yi shekara dubbai yana zaɓen mai ƙiba, har tsutsa ta sami wurin ɓuya inda tsinin ba ya isa.

Ga tambayar ke nan, ɗan'uwa mai karatu. Muna koya wa yara a ajin baftisma cewa Allah ya duba dukan abin da ya yi, ya ga yana da kyau. Yaya za a ce halittar da ba ta iya rayuwa sai ta ci wata da ranta, daga ciki, a hankali, tana da kyau? Ba ni ne farkon mai tambaya ba. A ranar 22 ga Mayu 1860 Charles Darwin ya rubuta wa abokinsa Asa Gray wasiƙa. Gray masanin tsire-tsire ne a Jami'ar Harvard, Kirista ne kuma mai riƙe da bangaskiyarsa. Darwin ya gaya masa cewa ya kāsa shawo kan zuciyarsa ta yarda Allah mai alheri, mai iko duka, ya zauna da gangan ya tsara irin wannan zanzaro domin ya riƙa cin tsutsa tana da rai. Da yawa cikinmu in suka ji sunan Darwin sai su toshe kunne. A ganina bai kamata ba a wannan wuri. Mutumin ya binne 'yarsa mai shekara goma a 1851, a cikin wasiƙar nan kuma ya ce ba ya iya ɗaukar duniya mai ban mamaki haka a matsayin aikin makahon ƙarfi kawai, ya ce al'amarin ya fi ƙarfin hankalin mutum. Wannan ba maganar mai ba'a ba ce. Tambayar mai ciwo ce, ta cancanci a amsa ta da gaskiya.

Amsar da ta fi saurin zuwa bakin mai wa'azi ita ce amfani. Sai ya ce, ai Allah ya yi zanzaro domin ya tsare mana abinci. Akwai hujja mai ƙarfi a bayan wannan magana. A 1973 aka ga wani farin ƙwaro mai kama da garin rogo yana tsotse rogo a wajen Kwango. Daga Amurka ta Kudu ya zo, ya bazu a ƙasashen Afirka, a waɗansu gonaki ya cinye kashi 80 cikin 100 na amfani. Aka nemo maƙiyinsa a ƙasar Faraguwai, wani ɗan zanzaro mai suna Anagyrus lopezi. Hans Herren da abokan aikinsa na cibiyar IITA suka sake shi a Ibadan a 1981, daga baya aka yi ta sakinsa ƙasa bayan ƙasa, har da jirgin sama. Rogo ya farfaɗo, Herren ya karɓi babbar kyautar abinci ta duniya a 1995. Duk wanda ya jiƙa gari ya sha a Gana ko Nijeriya tun daga lokacin yana da rabo a aikin ƙwaron da bai taɓa gani ba. Haka kuma aka yi wa farin ƙwaron mangwaro da ya addabi Togo da Benin da Gana, aka kawo masa zanzaro daga Indiya a 1987.

Na yarda mu gode wa Allah saboda wannan, mu gode ƙwarai. Amma godiya dabam, amsa dabam. Zanzaro yana cin tsutsa a jejin da ba gona, ba manomi, ba mai gani. Mafi yawan irinsa ba su taɓa amfanar kowa ba. Har akwai waɗansu ƙanana da suke sa ƙwai a cikin ɗan zanzaron da yake cikin ƙwaron rogo, wato suna cin mai cetonmu. Su kuma fa, me za mu ce da su? In amfaninmu ne ma'auni, to, muna kiran ƙuda mugu domin yana cin mangwaronmu, muna kiran zanzaro nagari domin yana cin ƙuda, alhali kuwa sana'arsu ɗaya ce: uwa ta huda, ta sa ƙwai, ɗa ya ci. Rumbunmu ne ya raba su gida biyu. Mai tambaya kuwa ba ribar manomi ya tambaya ba, halin tsutsa ya tambaya. Tana da abin da za a tambaya a kai, gama masu bincike sun ga tsutsar ƙaramin ƙudan ayaba tana murɗewa tana birgima sa'ad da zanzaro ya soke ta, jinin tsutsa kuma yakan yi ƙoƙari ya kewaye baƙon ƙwan ya shaƙe shi. Jikinta yana ƙin abin da ake yi mata.

Waɗansu sukan bi wata hanya, su ce ai duk wannan sakamakon zunubin Adamu ne, ko ma aikin Shaiɗan. Gaskiya ne Manzo Bulus a Romawa 8 ya yi zancen halitta duka tana nishi kamar mai naƙuda, tana jiran 'yanci, Ishaya 11 kuma ya hango ranar da mai farauta da abin farauta za su kwanta wuri ɗaya. Wannan ya nuna mana cewa yadda duniya take yau ba shi ne ƙarshen maganar Allah a kanta ba. Amma a ba Shaiɗan halittar zanzaro, wannan ba koyarwar ikkilisiya ba ce. Shaiɗan bai halicci ko ƙafar sauro ba. Zabura 104 kuwa, wadda waƙar yabo ce daga farko har ƙarshe, ta sa zakoki masu ruri a cikin masu neman abincinsu a wurin Allah, ba ta kuwa ji kunyar faɗa ba.

Agustin, bishop na Hippo a Afirka ta Arewa, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya gamu da masu irin wannan tunani, wato mabiyan Mani, masu cewa ƙuda da kwaɗo da ɓera ba za su fito daga hannun Allah nagari ba. Ya ba su misalin baƙon da ya shiga wurin aikin gwani, ya ga kayan aiki iri iri bai san amfaninsu ba, ya taɓa wani ya ƙone, ya taɓa wani ya yanke, sai ya fita yana cewa wurin cike yake da abubuwan banza masu cutarwa. Duk wanda ya taɓa shiga maƙera yana yaro ya gane misalin. Yana da kyau, yana karya girmankai. Sai dai ni ina ganin bai kai ƙarshen tambayar ba, gama guduma da awartaki ba sa jin kome, tsutsa kuwa tana murɗewa.

Wurin da na fi samun ƙasa mai ƙarfi a ƙarƙashin ƙafata shi ne Littafin Ayuba, sura 38 da 39. Mutum ya rasa 'ya'yansa, ya rasa lafiyarsa, yana neman dalili. Abokansa sun kawo masa dalilai har sun gaji. Da Ubangiji ya yi magana, bai ba shi dalili ko ɗaya ba. Ya zaga da shi cikin halitta, abin lura kuwa shi ne irin halittar da ya nuna masa: zakanya da take farauta domin 'ya'yanta, hankaka da 'ya'yansa suke kuka don yunwa, gaggafa da 'ya'yanta suke shan jini, ruwan sama da yake sauka a jejin da ba mutum ko ɗaya. Ba a ɓoye masa jinin ba, ba a kuma ce masa an yi su domin amfaninsa ba. An nuna masa duniyar da ta fi shi faɗi, wadda Mai ita yake ciyar da mai ci, yana kuma sane da wanda ake ci. Da a ce Ayuba manomin mangwaro ne, ina tsammani da an nuna masa zanzaro da tsutsa tare. Wannan ba ya share tambayar Darwin. Yana dai mai da ita wurin Wanda ya isa a yi masa ita, yana kuma hana mu ƙirƙiro masa uzurin da bai aike mu da shi ba. Mai bi yana iya ɗaukar tambayar nan a zuciyarsa har tsufa, kamar yadda yake ɗaukar tambayar mutuwar jariri, bangaskiyarsa ba ta rushe ba.

Abu ɗaya dai nake iya yanke hukunci a kansa, shi ne kalmar mugunta. Ba ta dace da zanzaro ba. Mugunta tana bukatar sani, tana bukatar wata hanya da aka gani aka ƙi. Uwar zanzaro ba ta san tsutsa tana shan wuya ba, ba ta da wata gona da za ta koma, ba ta jin daɗin azabar kowa. Abin da yake tayar mana da tsigar jiki sa'ad da muka ji labarinta, ina zato, shi ne mun san wannan hali a cikin mutane. Mun san mai ba da bashin hatsi da bazara, kwano ɗaya a biya biyu da kaka, wanda ba ya so mai bashin ya mutu, ba ya kuma so ya warke, domin ya riƙa ci a jikinsa shekara da shekaru. Mun san ɗan gida da yake cin dukiyar marayu yana ce musu 'ya'yana. Waɗannan sun sani, suna da wata hanya. Sunan da muke so mu liƙa wa ƙwaro nasu ne.

In kuwa haka ne, sai tambayar ta juyo ta fuskance mu ta wani gefe: mu da muka sani, yaya muke kashewa? Ku tuna da zaitun mai ƙiba. Mutum ne ya ba tsutsa maɓoya, mutum ne kuma ya ɗauki ƙudan Asiya a cikin kayansa ya haye teku da shi ya bar maƙiyansa a baya. Da ƙudan ya iso, zanzaron Afirka suka gwada shi, amma jinin tsutsarsa yakan shaƙe ƙwansu. Shi ya sa cibiyar icipe ta Nairobi ta kawo wani mai suna Fopius arisanus daga Hawai, inda ya daɗe yana danne wannan ƙuda, aka sake shi a Kenya, daga baya a Benin da Senegal da waɗansu ƙasashe. Shi a cikin ƙwan ƙudan yake sa nasa ƙwan, tun tsutsa ba ta nutse cikin nama ba. Babban ɓarnar da muke kuka da ita, da hannun ɗan Adam a cikinta tun daga tushe.

Zanzaro ba ya ƙare ƙuda, ragewa yake yi. Manomin da ya dogara gare shi dole ya haƙura da 'yar asara kowace shekara. Mu kuwa ba mu son saura. Mutum ya sayi magani a kasuwa, ba ya iya karanta takardar da ke jikin kwalbar, ya ninka awo domin ya tabbata, ya yi feshi da tsakar rana ba kome a hancinsa, wani lokaci saura kwana biyu a tsinke. Tsutsar tana can cikin nama, feshin bai cika kai mata ba. Wanda yake yawo a fili a kan fata shi ne zanzaro, da zuma mai ɗaukar ƙurar fure, su ne suke fara mutuwa. Bayan mako kaɗan ƙuda ya taso daga gonar maƙwabci ya tarar ba mai tsaron ƙofa. Ubangijinmu ya ba da misalin bayin da suka so su tumɓuke ciyawa daga cikin alkama, maigida ya hana su don kada su haɗa da alkamar. A kan shari'ar ƙarshe ya faɗe shi, ba a kan noma ba, amma manoma ne suka fara jinsa, sun kuwa san abin da gaggawar hannu take yi wa gona. Ban ce magani haram ne ba. Akwai tarko mai ƙanshin da yake jawo namijin ƙuda kaɗai, akwai abincin guba da ake ɗiga wa a ɗan gefen itace ba a wanke shi duka ba, ma'aikatan gona na gunduma sun san su.

Ko tsince mangwaron da ya faɗi akwai yadda ake yi. In aka bar shi a ƙasa, an yi wa ƙuda gidan haihuwa. In aka binne shi da zurfi ko aka ɗaure shi a baƙar leda a rana, ƙuda ya mutu, amma zanzaron da ke cikinsa ma ya mutu. Saboda haka masana suka ƙera wani ɗan tanti da ake zuba ruɓaɓɓun 'ya'yan a ciki, da raga a samansa wadda idonta ya yi wa ƙuda ƙanƙanta amma zanzaro yana iya ratsawa. Mai ɓarna ya mutu a ciki, mai taimako ya fita ya koma kan itace. Aiki ne mai cin lokaci, sai an sunkuya kowace safiya.

'Yan'uwanmu Hausawa na jihar Maradi a Nijar suna da nasu misali a gonar gero. Akwai tsutsar da take bin zangarniya tana yanka ta a karkace, har manomi ya tashi da buntu. Tun wajen 2006 masu bincike na cibiyar INRAN suke koya wa ƙauyuka kiwon wani zanzaro na gida mai suna Habrobracon hebetor, wanda yake shanye jikin tsutsa ya sa ƙwai a kanta. Ana ɗinka ɗan ƙaramin buhun algarara, a zuba gero da gari, a sa tsutsotsin da ake kiwo domin wannan aiki, a sa mata biyu na zanzaron, a rataye a gona sa'ad da gero ya fara fid da kai. 'Ya'yan suna fita ta idon buhun su bazu. Ba su san iyakar gona ba. Suna tafiya nisan kilomita, su shiga gonar wanda ya biya da ta wanda bai biya ba, ta mai zuwa masallaci da ta mai zuwa majami'a. Shi ya sa ba a cika sayen buhunan mutum ɗaya ɗaya ba, ƙauye ne yake haɗa kuɗi, a rataye su a kusurwoyin gari, a kuma roƙi kowa kada ya yi feshi a makonnin nan.